Littattafan "tashi ka yi arziki": wanda zai ba ka riga, dubi ta wuyansa

Duk wanda ya bi ta bakin manyan titunan Yamai, ko ya tsaya jiran mota a tashar Maraɗi ko ta Damagaram, ya san masu shimfiɗa littattafai a ƙasa. A da, hajarsu ba ta wuce tsofaffin littattafan lakkwal da ƙamus da ƴan labaran soyayya ba. Yanzu wani irin littafi ya ci rabin shimfiɗar: wanda ke yi wa mai saye alkawarin gano manufar rayuwarsa, da gyara halinsa, da zama mai arziki. Akasarinsu daga Amurka suka fito, aka juya su da Faransanci. Wanda bai sayi na takarda ba, an turo masa a wayar salula ta WhatsApp. Ma'aikaci yana ɓoye ɗaya a aljihun teburin biro, yaron kanti yana duba nasa kafin ciniki ya buɗe. Tunda mutane suna zuba kuɗinsu da lokacinsu da fatansu a ciki, ya kamata a auna abin, a ga ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

A fara da asali. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Samuel Smiles ne ya buɗe wannan kasuwa a shekarar 1859, da littafin da ya tara labaran maƙera da masaƙa da masu ƙere-ƙere waɗanda suka tashi daga talauci da gumin goshinsu. Amma waɗanda suka fi yawo a hannun jama'a sun fito ne a Amurka, a wani lokaci da ya kamata a lura da shi. Tattalin arzikin ƙasar ya ruguje a 1929, har a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki yana zaune ba aikin yi. Cikin wannan ƙunci Dale Carnegie ya fitar da littafinsa na dabarun zama da mutane a 1936, wanda ake sayarwa da sunan Comment se faire des amis. Shekara guda bayansa, a 1937, Napoleon Hill ya fitar da nasa, Réfléchissez et devenez riche, mai cewa tunani mai ƙarfi shi ke jawo dukiya. Ke nan tun farko wannan haja ta fi ciniki a inda aiki ya yi wuya, aljihu ya bushe, mutane suka fid da rai da hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hausawa sun ce wanda zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Napoleon Hill ya gina sunansa a kan labarin cewa babban attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ne ya kira shi a 1908, ya ɗora masa aikin binciko sirrin masu arziki. Attajirin ya rasu a 1919, kuma David Nasaw, masanin da ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce bai ga wata shaida ba cewa mutanen biyu sun taɓa haɗuwa. Shi kansa Hill ya kafa sana'o'i da dama sun karye kafin littafin ya fid da shi. Robert Kiyosaki, mai Père riche, père pauvre na 1997, wanda samari ke rantsuwa da shi, ɗaya daga cikin kamfanoninsa ya bayyana karayar arziki a 2012, bayan kotu ta yanke masa biyan wajen dalar Amurka miliyan 24 ga wani kamfanin da suka yi hulɗa. Wannan bai isa a ce duk abin da suka rubuta ƙarya ne ba. Ya dai isa mai karatu ya lura cewa hanyar arzikin da ta fi tabbata ga masu irin wannan rubutu ita ce sayar da littafin kansa.

Akwai kuma wani aibi a yadda ake kafa hujja a cikinsu. Ana ɗauko mutum goma da suka yi nasara, a ce dukansu sun yi naci, sun yi kasada, sun tashi da asuba, saboda haka naci da kasada da sammako su ne sirrin. Ba a ƙirga dubban da suka yi irin wannan nacin da wannan kasadar, jarinsu ya nutse, ba wanda ya rubuta labarinsu. Tamkar a tsaya a gaɓar kogi ne a tambayi waɗanda suka haye ko iyo yana da hatsari. Waɗanda ruwa ya ci ba su nan balle su ba da amsa.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada wasu daga cikin dabarun. A 2009, Joanne Wood da abokan aikinta na jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu kalmomin yabon kai, irin waɗanda littattafan ke koyarwa. Waɗanda dama suka yarda da kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda ke raina kansu kuwa, wato ainihin masu bukatar maganin, sai ransu ya ƙara ɓaci. Wata masaniya, Gabriele Oettingen, ta shafe shekaru tana nuna cewa mai yawan mafarkin nasara, ba tare da ya lissafa abin da zai tare masa hanya ba, ƙwazonsa raguwa yake yi, domin zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin abin tun ba a yi aikin ba.

Amma babban laifin waɗannan littattafai, ga ɗan kasuwa da ma'aikacin Nijar, yana wani wuri. Suna koyar da cewa duk abin da ya sami mutum daga tunaninsa ya fito. To, a ɗora wannan magana a kan tarihin kasuwar ƙasar nan. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka ta canza takardun naira, ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka wayi gari da tulin kuɗin da ba su da hanyar canzawa, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai 1986. A ranar 11 ga Janairu na 1994, a Dakar, aka zabge rabin darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, alhali ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, takunkumin CEDEAO ya tsayar da manyan motoci a bakin iyaka har zuwa Fabrairu na 2024. A cikin waɗannan masifu huɗu, wanne ne raunin tunanin mai kanti ya jawo? Mutumin da ya haddace littafin Hill daga bango zuwa bango, da wanda bai taɓa jin sunansa ba, rana ɗaya tumatirinsu da albasarsu suka ruɓe a mota.

Shawarar Kiyosaki ma, ta a ci bashin banki a sayi gidaje a zuba ƴan haya, an ɗinka ta ne daidai da dokokin haraji da bankunan Amurka. A ƙasar da akasarin jama'a ba su da ko ajiya a banki, inda takardar fili ɗaya kan fito a hannun mutum biyu, inda kuma ƴan kasuwa da yawa ke ƙyamar bashi mai ruwa saboda addini, rigar ba ta shiga wuya.

Hatta labarin mutumin da ya gina kansa shi kaɗai bai dace da yadda aka tara dukiya a nan ba. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa bincikensa a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa manyan attajiran garin sun taso ne ta cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa, sannan ta fataucin ƙetare iyaka, kuma ginshiƙin abin shi ne dangantakar ubangida da baransa. Yaro yakan yi shekaru yana yi wa maigida hidima, a jarraba amanarsa, sannan a ba shi kaya bashi ko a yanka masa jari. Attajiri kuma ana auna shi da yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa, abin da ake kira arzikin mutane. Saurayin da littafi ya koya wa cewa dangi nauyi ne, abokai marasa kuɗi kuma a yar da su, yana sare reshen da yake zaune a kai. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, waɗannan mutanen ne za su tsaya masa.

Duk da haka, adalci ya hana a ce babu komai a cikin maganar gyaran hali. Akwai, kuma an gwada a kusa. A birnin Lome na Togo, masu bincike tare da Bankin Duniya sun ɗauki ƙananan ƴan kasuwa 1,500 suka raba su kashi uku. Kashi ɗaya aka koya musu lissafin kanti da dabarun talla kamar yadda aka saba. Kashi na biyu aka horar da su a kan himma: mutum ya fara abu ba sai an ce masa ba, ya hango matsala tun ba ta zo ba, ya nemi abin da maƙwabcinsa bai sayarwa. Na uku ba a koya musu komai ba. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2017 ya nuna ribar masu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara biyu, ta masu horon da aka saba kuwa da kashi 11. Sai dai a lura da yadda aka yi: awa 36 a aji tare da malami da abokan sana'a, sannan malamin ya riƙa zuwa kantin kowa sau ɗaya a wata har wata huɗu, yana duba abin da aka aikata.

A Nijar kanta an yi makamancin wannan, aka buga a mujallar Nature a 2022. Matan karkara masu karɓar tallafin jaka 10 a wata aka haɗa cikin ƙungiyoyin asusu, aka ba su mai bi da su da horon sana'a. Wasu aka ƙara musu jarin jaka 80. Wasu aka ƙara musu horon ƙarfafa zuciya, tare da nuna wa dukan gari wani fim a tattauna a kansa, domin maza da dattawa su goyi bayan sana'ar matan. Wasu suka sami duka biyun. Kowane kashi ya ci gaba, kuma hanyar ƙarfafa zuciya, da yake ta fi araha, ta fi biyan kuɗin da aka kashe mata. Darasin a fili yake: ƙarfin zuciya yana aiki, amma ya yi aiki ne a cikin ƙungiya, a kan tallafin kuɗi, da yardar gari. Matan jihar Maraɗi sun riga masana gano haka, tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura batun manufar rayuwa, wanda wasu littattafan suka sa a gaba. Mafi nauyi a wannan fanni shi ne na Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude ɗan Ostiriya, wanda ya tsira daga sansanonin Hitila ya rubuta abin da ya gani a 1946. Shi bai yi wa kowa alkawarin dukiya ba. Abin da ya lura shi ne, mutum yakan jure wahala idan akwai wani aiki ko wani mutum da ke jiransa. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga magidancin da ke ciyar da mutum goma sha biyar, ko malamin kwantiragi da ke shiga ajin zana da yara tamanin. Irin waɗannan ba su rasa dalilin tashi da safe ba. Abin da suka rasa shi ne albashi a kan kari, da hanya mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa, da jami'in da ba ya miƙa hannu a kowane shinge.

Nan ne maganar ta shafi siyasa. Babu abin da ya fi yi wa mai mulki daɗi kamar talakan da ya gamsu cewa talaucinsa laifin tunaninsa ne. Irin wannan ba ya zuwa taron ƙungiyar ƙwadago, ba ya tambayar inda kuɗin patanti da na duwan suka shiga, yana ɗaki yana gyaran zuciya. Alhali kuwa jam'iyyu da yawa da jaridu masu zaman kansu sun samu ne bayan ɗalibai sun zubar da jini a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu na 1990, ma'aikatan USTN suka yi ta yajin aiki, har aka kai ga Taron Ƙasa na 1991. Jama'a ce ta haɗa kai ta ƙwato su.

To, a saya ko kada a saya? Ma'aunin mai sauƙi ne. Littafin da ya ce a rubuta shiga da fita kowace rana, a raba kuɗin kanti da na cefane, a cika alkawari, a saurari mai saye kafin a yi masa gardama, ya faɗi gaskiya, ko da yake tsohon ɗan kasuwa a kasuwar Dole zai faɗi haka kyauta. A karanta guda ɗaya, a zaɓi abu ɗaya a cikinsa, a aikata wata uku tare da aboki ko ƙungiyar da za ta tambayi inda aka kwana. Littafin da ya ce dukiya tana zuwa ga mai tsananin sonta, ko ya ce wanda ya faɗi shi ya ja wa kansa, a bar wa mai shimfiɗa kayansa. Wanda kuwa ya sayi na biyar alhali na farko bai canza masa komai ba, gara ya zuba kuɗin na shida a adashi, ko ya biya kuɗin ƙungiyarsa na wata.