Doka Ta Riga Inji Kassara Masaƙin Indiya

Na gaji da jin masu cewa zamani ne ya yi awon gaba da saƙar hannu a ƙasar Indiya, wai duk mai takaicin haka makokin abin da ajalinsa ya yi yake yi. Ni ban yarda ba. Mutane ne suka zauna suka yanke wa wannan sana'a hukunci, kuma ina iya kiran dokokin da shekarunsu.

A ƙarni na 17 yadin audugar Indiya ya cika kasuwannin Ingila har masu saƙar ulu na can suka koka. Majalisarsu ta kafa doka a 1700 ta hana shigo da yadin Indiya mai zane, ta ƙara a 1721 ta haramta sanya shi. Injin saƙa kuwa sai a 1785 aka ƙirƙiro shi. Ashe tun kafin inji ya zo an riga an ɗaure wa masaƙi hannu. Mahatma Gandhi ya gane wannan, shi ya sa ya mai da keken kaɗi da yadin khadi, wanda ake kaɗawa a saƙa da hannu, makamin neman 'yanci.

To, me 'yantacciyar Indiya ta saka wa masaƙi da shi? A 1985 an yi dokar da ta keɓe wa masu saƙar hannu kaya iri 22 waɗanda inji ba zai taɓa ba. A 1996 aka rage su zuwa 11. A 2015 an ware 7 ga Agusta ta zama ranar karrama su, amma a 2017 aka ɗora wa yadinsu harajin kashi 5 cikin ɗari, a 2020 aka rushe hukumar ƙasa da suke kai kukansu gare ta. Hatta tutar ƙasar, wadda a da sai da khadi ake ɗinka ta, a ƙarshen 2021 an halatta yin ta da yadin roba na inji. Wannan ita ce karramawar.

A birnin Banaras, masaƙi da iyalinsa kan shafe makonni a kan sarin alharini guda, ƙoshiya na kai da komo tun safe har duhu. Tun 2009 doka ta kare sunan wannan sari, duk da haka injunan Surat na fitar da kwaikwayonsa, ana sayarwa da sunan Banaras a kan kuɗi kaɗan. Na ainihin ma dillali ne ke kwashe ribarsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce da ni talaka na bukatar tufa mai araha, inji ne kuma ke ba shi. Gaskiya ne, ban kuwa ce a farfasa injuna ba. Abin da nake ƙi shi ne inji ya ci kasuwa da sunan hannu, hukuma na kallo. Ƙidayar gwamnati ta 2019 zuwa 2020 ta samu mutum kimanin miliyan 3 da rabi a wannan sana'a, fiye da kashi 70 cikin ɗari mata ne, akasarinsu a karkara, suna aiki a cikin gidajensu ba tare da jiran lantarki ba. Wace masana'anta ce za ta ɗauke su idan zare ya tsinke?

Bukatata kaɗan ce. A zartar da dokar 1985 yadda aka rubuta ta, a hukunta mai sayar da jabu, a cire wa saƙar hannu haraji, a mayar wa masaƙa hukumarsu. Idan an yi haka sana'ar ta mutu, sai in yarda zamani ne. Kafin nan, kada wanda ya ɗora laifin a kan inji.