Wa Zai Tsare Motar Lantarki Idan Tana Caji?



Duk lokacin da aka tayar da zancen motar lantarki a ƙasar nan, tambaya ɗaya ake yi: ina wutar? Tambaya ce mai kyau, amma akwai wata a bayanta da ba a cika yi ba. A ce wutar ta samu, an kafa wurin caji a bakin titi, ka jona motarka ka shiga kasuwa. Wa ke kallon ta? Ni a ganina, idan muka kwaso tsarin Turawa na wurin caji da babu mutum a cikinsa, na'ura kawai da kati, to asarar kuɗi za mu yi, domin ko a can ɗin tsarin yana shan wuya.

Mai motar fetur minti biyar ya ishe shi a gidan mai, kuma yana zaune a cikin motarsa, ga ma'aikata, ga jama'a. Motar lantarki kuwa ko a na'ura mai saurin caji sai ta yi minti 20 zuwa 40 kafin batirin ya kusa cika, a ƙaramar na'ura kuma sa'o'i take yi. Ba kowa zai zauna gadi tsawon wannan lokaci ba. Ga motar a ɗaure da igiya kamar akuya a turke, ga mai ita ya yi nisa. Ita ma igiyar cajin, ko babu mota, tana nan rataye dare da rana, kuma jan ƙarfe ne a cikinta.

A Amurka, kamfanin Electrify America, ɗaya daga cikin manyan masu wuraren caji a ƙasar, ya ce daga Janairu zuwa Mayu na 2024 an yanke masa igiyoyi 129, alhali a duk shekarar 2023 guda 125 aka yanke. A wannan watan na Mayu ne farashin jan ƙarfe ya yi tashin da bai taɓa yi ba a kasuwar duniya. Abin takaicin shi ne lissafin. Ɓarawo zai sayar da jan ƙarfen igiya ɗaya a kan dala 20 ko ƙasa da haka, kamfani kuma ya kashe wajen dala 1,000 kafin ya maye gurbinta. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne direban da ya iso da batiri saura ƙiris, ya tarar da guntun waya na lilo. Ba zai ɗauki galan ya hau babur ya sayo wuta ya dawo ba. Sai dai a janye motar.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta neman kuɗi ba. A watan Maris na 2025 an cinna wa na'urorin cajin Tesla guda bakwai wuta a garin Littleton na jihar Massachusetts, a daidai lokacin da mutane da yawa ke fushi da rawar da mai kamfanin, Elon Musk, ke takawa a gwamnatin Donald Trump. Wannan rigimar siyasar Amurka ce, ba zan daɗe a kanta ba. Abin lura kawai shi ne mota mai caji ba ta gudu, don haka duk mai jin haushi ya san inda zai same ta.

Mu dawo gida, domin maganar ta fara shafar mu. A watan Afrilu na 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Disamba na 2023 aka ƙaddamar da tasi masu lantarki a Maiduguri. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu Keke Napep da 'yan acaɓa suke ta tambayar farashin masu batiri. Abin yana tafe, ko da sannu ne.

To wace ƙasa zai tarar? Ƙasar da unguwa ke haɗa kuɗi ta kewaye tiransifoma da katanga, ta sa kwaɗo, wani lokacin har da ɗan sintiri, saboda an sha kwana da wuta a tashi babu kebul. Ƙasar da a Janairu na 2025 sai da hukumomin Abuja suka hana sana'ar baban bola, suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu, saboda satar murafan ramukan magudanar ruwa a manyan tituna. Wanda ya iya ciccibar murfin ƙarfe daga tsakiyar titin babban birni, igiyar caji ba za ta gagare shi ba.

Wani zai ce a sa kyamara. A sa mana. Motocin Tesla ma suna da kyamarorin da ke ɗaukar hoton duk wanda ya raɓe su, kuma kamfanoni a Ingila da Amurka sun fara lulluɓe igiyoyi da rigar da ke da wuyar yankewa. Sai dai kyamara shaida ce bayan ɓarna ta auku, kuma amfaninta ya dogara da wanda zai bi sawun hoton. Mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan wannan.

Abin da nake ganin zai yi mana aiki yana nan a bakin kowace kasuwa: mai cajin waya. Ka ba shi wayarka, ya ba ka lamba, ka tafi harkarka. Ba na'ura ce ke tsare wayar ba, mutum ne wanda abincinsa ke wurin, wanda idan ta ɓata shi za a riƙe. Haka ya kamata wurin cajin mota ya kasance a nan. A kafa shi a gidan mai, ko tashar mota inda 'yan kamasho ke kwana suna tashi, ko harabar asibiti da makaranta masu maigadi, a kuma ɗora shi a hannun wani takamaiman mutum da zai ci riba idan yana aiki. Kuɗin cajin zai ɗan ƙaru saboda albashin mai tsaro, na yarda. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya dasa na'urar miliyoyi a fili mai duhu don kawai a yanka kirtani a ɗauki hoto, yana da kaso a laifin. Da zarar an kira abu kayan gwamnati, mun san ba shi da uwa ba shi da uba.

Sai kuma mai saye. A nan nake da magana da mu masu alƙalami. A labaranmu, idan aka zo kan satar waya, yaron da ke tura baro da buhu a kafaɗa shi muke zanawa, mu yi masa baƙin fenti mu wuce. Da yawa daga cikin yaran nan halak ɗinsu suke nema a bola. Wanda kuma ya yi satar a cikinsu, ba a gida yake ajiye jan ƙarfen ba. Akwai mai sikeli da ke karɓa da asuba bai tambayi daga ina ba, akwai dila da ke tarawa, akwai babbar motar da ke kwashewa zuwa masana'anta. Dokar da za ta tilasta wa mai sikeli rubuta sunan wanda ya kawo masa kebul, ta hana shi sayen wayar da aka ƙone robarta, za ta fi kamen yara ɗari tasiri. Har yanzu ban karanta gajeren labarin Hausa da ya zauna a rumfar mai sikelin nan ba, ya nuna mana yadda yake kawar da kai idan aka sauke buhu. Ina jiran wanda zai rubuta shi a cikinku.