An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batirin Jirgin Ruwa da Masu Yanke Masa Hukunci

A bakin ruwan Yawuri, inda Kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, jirgin fito ko na su ba ya rasa batir a yanzu. Ko da injinsa na jan igiya ne, mai jirgin yana bukatar fitilar da wani jirgi zai hango shi da ita cikin dare, yana kuma bukatar cajin wayar da zai nemi agaji da ita. Saboda haka mutuwar batir a tsakiyar ruwa ba ta yi daidai da mutuwarsa a kan titi ba, domin babu wanda zai fito ya tura.

Abin takaici shi ne, da zarar fitila ta dushe ko inji ya ƙi tashi, hukuncin da akan yanke ɗaya ne: batir ya mutu, a sayo wani. Wannan hukunci na gaggawa kuskure ne, domin sau da yawa laifin yana can wani wuri, an bar jaki ana dukan taiki. Likita ba ya rubuta magani sai ya auna majiyyaci. Batir ma yana da abin awonsa, wato ƙaramar mitar nan da masu rewaya ke riƙewa, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon batir ba.

Irin wannan batir, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ɗakuna shida ne a jere, kowanne da farantan dalma a cikin ruwan asid, kowanne kuma yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan batir ya huta na 'yan awoyi aka auna shi, cikakke zai nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Wanda ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, wanda ya gaza 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Ɗalibi zai yi mamakin ƙanƙantar wannan tazara, amma a cikinta labarin yake. Idan aka yi masa caji sosai ya tsaya a wajen 10.5, to ɗaki ɗaya ya lalace. Wannan kam ya mutu da gaske.

Awo na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A tayar da inji, a ƙara masa wuta, a sake aunawa. Idan inji yana cajin batir, mita za ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ba ta motsa ba, to batir yana bayarwa ne kawai ba a mayar masa, kuma sabon da za a sayo ma haka zai ƙare cikin 'yan kwanaki. Yawancin ƙananan injunan jirgi ba a ƙera su don su yi caji mai yawa ba, wasu ma ba sa yi sam. Mai irin wannan inji dole ya kai batirinsa caji a tudu, ko ya nemi ƙaramin faifan sola.

Sai kuma kawunan batir. Laima da girgizar jirgi sukan sa su kwance, su tara wani farin gari mai ratsin shuɗi wanda ke tare hanyar wuta. Maganinsa yana cikin ɗakin girki: ruwan kanwa yana kashe kaifin asid, sai a goge da shi, a ɗauraye, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Sai dai a kiyaye kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan batirin. Akwai kuma ɓarawon wuta, wato caja ko ƙwan fitila da aka bari a haɗe, ko wayar da ta zare tana taɓa danshi, suna tsotsa dare da rana. Cire wayar kan batir idan an ɗaure jirgi ya isa ya kama wannan ɓarawo.

Abin da ya fi kashe batir a hankali kuwa shi ne barinsa ba caji. Yayin da yake ba da wuta, wani gishiri na dalma yana taruwa a jikin farantansa, caji kuma yana narkar da shi. Idan aka bar shi makonni, gishirin ya daskare ya yi tauri, ba ya sake narkewa. Zafin bazara yana gaggauta wannan, yana kuma ƙone ruwan batir. Idan ruwan ya ja baya, ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan kogi ba komai garai-garai ɗinsa. Kada a kusanci batir da wuta ko taba lokacin caji, domin iskar da yake fitarwa tana fashewa.

Wani zai ce ai asarar kuɗi ce kawai, kuma mai jirgi shi ya san aljihunsa. Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Batirin da aka yanke wa hukunci ba ya ɓacewa. Akan fasa shi a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar, wani lokaci don yi wa birgi nauyi. Dalma guba ce mai shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta yara ƙanana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. A Thiaroye-sur-Mer, garin masunta da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon ƙurar dalmar da aka yi shekaru ana cirowa daga tsofaffin batura a cikin unguwa. A Zamfara kuma, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinare ta hallaka yara fiye da 400. Tushen daban ne, gubar ɗaya ce.

Ke nan duk batirin da aka ceto da ruwan kanwa da caji, an rage wanda za a fasa a bakin ruwa inda yara ke wasa. Malaman kimiyya a makarantun sakandare na garuruwan bakin kogi suna da darasi a ƙofar gida: mita ɗaya da tsohon batir ɗaya sun isa aji guda su koyi waɗannan awo cikin darasi biyu, kuma da yawa daga cikin ɗaliban 'ya'yan masu jiragen ne. Wanda awo ya tabbatar ya mutu kuwa, a kai shi ga dillalan da ke karɓar tsoho a musanya, da ruwansa a ciki, ba tare da an fasa shi ba.