WAI SHIN WAƘA CE TA ƁATA FIM ƊIN HAUSA?

Yau ku yi mini haƙuri zan ɗan jingine labarin da muke ciki, domin wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar sunan 'yar ƙanwata a nan Gozaki, kuma na san halina, in ban amayar da ita ba alƙalamin ba zai tafi ba.

Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar an gama rabon waina, sai wata yarinya ta kunna waƙar wani tsohon fim a wayarta. Nan take hira ta rabu biyu. Wata gwaggonmu ta ce ai waƙa da rawa su suka lalata fim ɗin Hausa, kuma ba al'adarmu ba ce, kayan Indiya ne aka jibga mana. Wata amarya ta ce haba Gwaggo, fim in ba waƙa ai miya ce ba gishiri. Aka juyo kaina wai ni marubuciya in raba gardama. Na yi dariya kawai na ce yaron goye na kuka. Amma ga amsata yanzu.

Da farko dai, duk wanda ya ce saka waƙa cikin labari baƙon abu ne ga Bahaushe, to ko dai a birni ya tashi gaban talabijin, ko kuma ya manta ƙuruciyarsa. Mu da muka tashi a ƙauye, wace tatsuniya ce kaka za ta yi mana babu waƙa a cikinta? Kuma ku lura da inda waƙar take zuwa. Sai yarinya ta shiga uku, kishiyar uwa ta jefa ta rijiya ko dodo ya tsare ta a daji, ba ta da mai jin kukanta, sannan za ta rera. Waƙar nan ce fatake za su ji su kai labari gida. In kika cire ta, yarinyar ta mutu a rijiya, tatsuniya ta ƙare. Haka tashe, da azumi ya kai goma mu 'yan mata mu ɗauki ƙwarya da ludayi mu yi Mairama da Daudu, maza su yi Jatau mai magani ko Tsoho da gemu. Akwai shiga, akwai kwaikwayo, akwai amshi, har da darasin zaman aure a ciki. Iyayenmu kuma suna ba mu labarin kalankuwa, bayan an cire amfanin gona an sayar da auduga, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu ana kiɗa ana shari'ar wasa. Ƙasar da Alhaji Mamman Shata ya zauna a cikinta, nan Funtuwa kusa da mu, ba a zo ana koya mata ba da labari da waƙa ba.

To amma gwaggonmu ba ta yi ƙarya duka ba, kuma ni shaida ce.

Lokacin da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito gab da shekara ta 2000, ina budurwa, a gidan yayata a Malumfashi na kalle shi, ɗaki cike har bakin ƙofa. Ali Nuhu da Fati Muhammad. Waƙar nan ta riga fim ɗin isowa gare mu, mun haddace ta kafin mu ga kaset ɗin da ido. Daga nan 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suka gane inda kuɗi yake, Wasila ya biyo baya a 2000 ya ƙara tabbatar musu. Sai harka ta juye, a fara shiga situdiyo a buga waƙa da fiyano, a ɗauki rawarta a yi talla da ita, sannan a zo ana neman labarin da za a rataya mata.

A cikin wannan guguwa wani furodusa, ba zan kama suna ba, ya sayi ɗaya daga cikin littattafaina. Labarin wata yarinya ce 'yar manomin auduga da ubanta ya ci bashin taki wajen wani dillali, damina ta ƙi, aka ce a biya da ita. Inda na fi zubar da hawaye wajen rubutu shi ne daren da uwarta take kaɗi, mazari na juyawa, 'yar na gefe, kowa ya san abin da zai faru gobe amma babu mai iya buɗe baki. Da fim ya fito na nemi wannan waje na rasa. A madadinsa sai ga 'yar manomin nan tawa cikin lambun wani otal, ta canza kaya har sau huɗu a waƙa guda, tana zagaya bishiya da saurayi. Yarinyar da ko takalmin kirki ba ta da shi a littafi! Na aika yayana ya tambaye shi, ya ce, “Ka ba Hajiya haƙuri, waƙa biyar dila ya ce a saka, dole wani abu ya fita.” Wallahi kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da waƙa suke so, ai ga wurinta nan Allah ya ba su. Uwa tana kaɗi tana rera abin da bakinta ya kasa faɗa, wace mace ce za ta kalli wannan ba ta share ido ba?

Na daɗe ina ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon, sai da ɗan yayana da ke karatun wasan kwaikwayo a Zariya ya zo hutu ya tarar da ni ina wannan mitar. Ya ce, “Gwaggo, ai Turawan Ingila sun yi irin wannan rigimar tun kafin jihadin Shehu.” Ya zauna ya warware mini, daga baya ya kawo mini takardunsa na bi da kaina da ɗan Turancin sakandare. Abin ya ba ni mamaki har na ga ya kamata ku ma ku ji.

Zamanin da suke magana a kai shi ne na sarakunansu huɗu masu suna Joji, daga 1714 zuwa 1830. Babu fim a lokacin, a dandamali ake wasa da hasken kyandir, makaɗa na zaune a gaban dandamalin. Manyan Landan sun haukace da wasan waƙa na Italiya da ake kira opera, ana biyan mawaƙan Italiya maƙudan kuɗi suna rera wa mutane abin da yawancinsu ba sa jin harshensa. Ku tuna iyayenmu maza da fim ɗin Indiya a silima, ba bambanci. Sai a 1728 wani marubuci John Gay ya fito da wasa mai suna The Beggar's Opera, wato wasan waƙar mabaraci. Babu sarki babu gimbiya a ciki, ɗan fashi ne da mai sayen kayan sata da 'yarsa da matan banza da gidan yari. Waƙoƙi 69 ya saka, kuma bai ƙirƙiri karinsu ba, ya ɗauko karin waƙoƙin da talakawa suka riga suka sani ne ya ɗora musu sababbin baituka da harshensu. Gidan wasa na Drury Lane ya ƙi karɓa, wani John Rich ya karɓa a nasa gidan, aka yi wasan sau 62 a zangon farko, abin da ba a saba gani ba.

Nan na ce wa ɗan yayana to ai ashe aron kari ba a kanmu aka fara ba. Ko a Kano akwai masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, da suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka mayar yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aro ba shi ne abin kunya ba. Abin dubawa shi ne me ka zuba a cikin ƙwaryar da ka aro. Shi Gay habaici ya zuba, yana nuna ɓarawon hanya da babban ɗan siyasa ɗan Juma ne da ɗan Jummai, kowa kuma ya gane da firayim minista Robert Walpole yake. Shi ya sa da ya rubuta ci gaban wasan mai suna Polly aka hana nuna shi. Ya buga shi a littafi a 1729 ya yi ciniki, amma bai hau dandamali ba sai 1777, marubucin ya daɗe a ƙasa. Malaman coci sun yi wa wasan farko huɗuba, kuma a 1773 wani alƙalin Landan, John Fielding, ya roƙi a daina nuna shi wai yana koya wa samari fashi. Kun ji dai, kamar a gidan rediyo a Kano.

Amma inda labarin ya fi ba ni dariya shi ne dokar 1737. Gwamnati ta ce kowane sabon wasa sai wani babban jami'in fadar sarki ya tace shi, kuma wasan magana zalla gidaje biyu ne ke da izinin yinsa a Landan, Drury Lane da Covent Garden. Ƙananan gidajen da suka biyo baya an bar musu kiɗa da waƙa da rawa. To me kuke zato? Duk mai son ya nuna labari sai ya cusa masa waƙa don ya tsira daga hukuma, a kira shi burletta. A hankali aka tsaya a kan cewa in wasa mai kashi uku yana da waƙa biyar ya halatta. Biyar cif, kamar na dilan furodusana! Har Macbeth na Shakespeare, da wasunmu suka sha wahalarsa a aji, an mayar da shi wasan kiɗa a 1809 don a kauce wa doka. Daga baya abin ya zama wasan yara, a ajiye mai fiyano a gefe yana ɗan taɓawa jefi-jefi don a ce ai da kiɗa ake yi. Sai 1843 aka soke wannan wariya, tacewa kuwa ta kai har 1968.

Su doka ce ta cusa musu waƙa, mu kasuwa ce ta cusa, doka ta zo cirewa. A Disambar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim bayan ƙaddamar da Shari'a, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai, aka hana rawar cuɗanya tsakanin mace da namiji. A 2007, bayan abin kunyar nan da kowa ya sani, aka tsayar da ɗaukar fim na watanni, Malam Abubakar Rabo ya hau kujerar hukumar, aka ɗaure Adam Zango kan kundin waƙoƙinsa Bahaushiya, 'yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Mu ma marubuta ba mu tsira ba, a shekarar ne aka ƙona littattafai irin namu a bainar jama'a. Ba na cewa hukuma ba ta da hurumi. Ni uwa ce, akwai rawar da in ta zo nake tura yara ɗebo ruwa. Amma almakashin mai tacewa tsawon riga yake iya aunawa da tazarar da ke tsakanin yaro da yarinya. Ba zai iya gaya maka ko waƙar nan tana da aiki a labarin ba. Fim ɗin da aka yi da littafina ya bi ta hannun masu tacewa lafiya lau, ga mayafi ga komai, kuma an kashe labarin.

Yanzu zamanin kaset da faifai ya wuce, an koma fim mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, rawar lambu ta ja baya ƙwarai. Wasu na murna wai an shiryu. Ni a ganina kasuwar ce ta sake, mai kallo a waya ci gaban labari yake jira mako-mako, waƙa kuma ta samu nata shagon a YouTube da gidajen biki. Abin da nake tsoro shi ne kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, a wayi gari fim ɗinmu ya zama surutu zalla a falo, mutane zaune kan kujerun alfarma suna musayar magana kashi tamanin. In an saka waƙa ma sai dai a bayan fage, jarumi na tuƙa mota yana tunani. Har yau ban ga wanda ya zo nan yankin ya ɗauki mata suna daka suna lugude, ko 'yan gayya a gona da makaɗinsu yana zuga su, ko ƙawayen amarya daren kai ta suna waƙar da ke sa uwa kuka a bayan ɗaki, ya sa wannan ya zama ƙashin bayan labarinsa ba ado ba. Hajiya Bilkisu Funtuwa ta ba masu fim Ki Yarda Da Ni tun a shekarun 1990, wato wannan yanki ya daɗe yana ba su labari. Muryoyinmu ne ba su taɓa zuwa nema ba.

Wani malami ɗan Malumfashi, Ibrahim Malumfashi, shi ya laƙaba wa rubutunmu sunan Adabin Kasuwar Kano, mun ji haushi a lokacin. Yau ba na jin haushin, don na ga shi ma John Gay ɗan kasuwa ne, cika gidan wasa yake nema, kuma kusan shekara 300 ke nan ana nuna wasansa.

Watan jiya wani yaro mai shirya fim a YouTube ya kira yayana yana son wani littafin nawa. Na ce a gaya masa na yarda, kuɗin ma ba za mu yi faɗa a kai ba, amma da sharaɗi a rubuce. Duk waƙar da zai saka sai ya nuna mini shafin da ta fito daga ciki, da wanda zai rera ta, da abin da ya hana shi faɗar maganar da baki. Ya ce zai yi shawara da mai ba shi kuɗi. Har yanzu dai bai sake kira ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Ku huta lafiya.