Su wane ne Hipster, su wane ne Yuppie a birnin Landan?

Baƙon da ya sauka a gabashin Landan zai iya yi wa matasan da ke kai-komo a unguwannin Shoreditch da Brick Lane kuɗin goro: akasarinsu Turawa ne masu ilimin jami'a, kowa da kofin gahawa a hannu.

Amma mazauna birnin suna rarrabe su da laƙabi iri-iri, kuma waɗannan laƙabi sun daɗe da shiga muhawarar da ake tafkawa a kan tsadar gidajen haya da makomar talakawan unguwannin.

Waɗanda aka fi ji su ne Yuppie da Hipster. Akwai kuma Hippie wanda ya girme su, da Bobo wanda ya zo daga baya. Dukansu daga Amurka suka samo asali.

Hippie da Yuppie

'Yan Hippie sun yi tashe ne a shekarun 1960. A 1967 dubun-dubatar matasa suka yi dafifi a unguwar Haight-Ashbury ta birnin San Francisco, suna masu adawa da yaƙin Vietnam, da aikin ofis, da tara abin duniya. An san su da dogon gashi, da zaman gandu a gida guda, da kuma shan ƙwaya.

A Landan sun fi taruwa a yankin Notting Hill, wanda a lokacin unguwar marasa galihu ce, amma a yau tana cikin mafiya tsada a birnin.

Yuppie kuwa kishiyar Hippie ne. Kalmar taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Ingilishi da ke nufin matashin ƙwararren ma'aikaci mazaunin birni. Ta bayyana a wata mujalla ta Chicago a 1980, sannan mujallar Newsweek ta kira 1984 shekarar Yuppie.

A Birtaniya tauraronsa ya haska ne bayan watan Oktoban 1986, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta sassauta dokokin kasuwar hannun jari ta Landan. Bankunan ƙasashen waje suka kwararo cikin birnin, matasa 'yan ƙasa da shekara talatin suka fara ɗaukar albashin da iyayensu ba su taɓa mafarkinsa ba.

Alamominsa a bayyane suke: kwat mai tsada, mota ƙirar Porsche ko BMW, da wayar salula mai kama da bulo.

Bayan faɗuwar kasuwannin hannun jari a ranar 19 ga Oktoban 1987, lokacin da ma'aunin Dow Jones ya yi asarar kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda, jaridu sun yi ta shelar cewa zamanin Yuppie ya wuce. Sunan ne ya dushe. Mai sunan yana nan a bankuna da ofisoshin lauyoyi na tsakiyar birnin da na Canary Wharf.

Hipster

Kalmar Hipster ta fi ta Yuppie tsufa. A shekarun 1940 ana kiran matasan Turawan Amurka masu kwaikwayon magana da shigar makaɗan jazz baƙar fata da wannan suna, kuma marubuci Norman Mailer ya yi dogon sharhi a kansu a 1957.

Ta sake dawowa ne a ƙarshen shekarun 1990 da sabuwar ma'ana, a unguwar Williamsburg ta New York da kuma Hoxton da Shoreditch a Landan.

Hipster ɗan gayu ne mai gudun duk abin da jama'a suka raja'a a kai. Yana sa kayan gwanjo da gangan, yana hawa keke, yana sauraron faifan garmaho a zamanin intanet, kuma ya gwammace ƙaramin shagon gahawa da na babban kamfani. Sana'arsa takan kasance zane, ɗaukar hoto, kiɗa, harkar talla ko haɗa manhajar kwamfuta.

Daga wajen 2010 cikakken gemu da wandon da aka naɗe sama da idon sawu suka zama alamarsa. Don haka a Brick Lane, inda masallata ke fitowa daga babban masallacin titin, gemun sunna da gemun yayi sukan yi kiciɓis a hanya guda.

Wani abin lura shi ne da wuya a sami wanda zai kira kansa Hipster. Kusan a kullum suna ne da ake jifan wani da shi.

Jari iri biyu

Masana zamantakewa na ganin cewa sutura ba ta isa ma'auni ba, domin yayi yana sauyawa, kuma ma'aikacin banki ma yana iya barin gemu.

Sun fi dogara da nazarin Pierre Bourdieu, masanin nan ɗan Faransa, wanda a littafinsa na 1979 ya nuna cewa jari iri biyu ne ke ɗaga darajar mutum a cikin al'umma: jarin kuɗi, da jarin ilimi da sanin abin da ya dace a so.

Bisa wannan ma'auni, Yuppie yana nuna matsayinsa da tsadar abin da ya saya. Hipster kuwa yana nuna nasa da sanin abin da saura ba su kai ga sani ba, ko makaɗi ne, ko gidan abinci, ko unguwa. Da zarar abin ya zama ruwan dare sai ya bar shi.

Shi kuwa Hippie cewa ya yi ya fita daga gasar baki ɗaya, kodayake da yawa daga cikinsu sun koma aikin ofis da girma ya zo.

Bobo shi ne wanda ya haɗa biyun. Ɗan jaridar Amurka David Brooks ne ya yaɗa kalmar a wani littafi a 2000, yana nufin mai albashin Yuppie da ra'ayin Hippie. Kalmar ta fi samun gindin zama a Faransa, inda 'yan siyasa ke amfani da ita wajen yi wa masu hali na birnin Paris shaguɓe.

Yadda unguwa ke sauya hannu

Muhimmancin wannan rarrabewa yana fitowa ne idan aka duba lokacin da kowannensu ke shigowa unguwa.

Tun a 1964 wata masaniya mai suna Ruth Glass ta bayyana yadda masu hali ke saye gidajen unguwannin leburori na Landan ɗaya bayan ɗaya, har sai mazaunan asali sun tashi. Abin da ya faru a Shoreditch ya bi wannan sawu.

Da farko masana'antun kujeru da na ɗinki suka rufe, aka bar manyan sito babu kowa. Masu zane da makaɗa suka kama su haya da araha a shekarun 1990. Shagunan gahawa da wuraren shaƙatawa suka biyo baya, jaridu suka fara yabon unguwar, dillalan gidaje suka farga.

A 2010 Firayim Minista David Cameron ya ƙaddamar da shirin mayar da yankin cibiyar kamfanonin fasaha, kuma a 2017 kamfanin Amazon ya buɗe hedikwatarsa ta Birtaniya a can.

Wato Hipster ne ke share fage, Yuppie ya zo ya saya. Haka aka gani a Williamsburg, inda hukumomin New York suka ba da izinin gina dogayen benaye a bakin kogi a 2005, kuma zuwa 2016 kamfanin Apple ya buɗe kanti a unguwar.

Brick Lane

Babu inda wannan sauyi ya fi tayar da ƙura kamar Brick Lane, titin da ya daɗe yana karɓar baƙi. Ginin masallacinsa an yi shi ne a 1743 a matsayin cocin 'yan gudun hijira daga Faransa, ya koma wurin ibadar Yahudawa a 1898, sannan ya zama masallaci a 1976.

'Yan asalin Bangladesh, akasari daga yankin Sylhet, ba su sami zama a nan cikin sauƙi ba. Kisan wariyar launin fata da aka yi wa wani matashin tela, Altab Ali, a 1978, shi ya sa suka tashi tsaye wajen kare unguwar.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna ƙaramar hukumar Tower Hamlets, inda titin yake, Musulmi ne, kaso mafi girma a Ingila da Wales.

Sai dai wani bincike da cibiyar Runnymede Trust ta wallafa a 2020 ya gano cewa gidajen abincin Asiya da titin ya yi suna da su sun ragu daga kimanin 60 a tsakiyar shekarun 2000 zuwa 23.

A watan Disamban 2014 aka buɗe wani shago mai suna Cereal Killer Cafe, wanda ke sayar da kwano guda na hatsin karin kumallo da madara a kan fiye da fam 3, a yankin da aka ƙiyasta cewa kusan rabin yaransa na cikin talauci. A watan Satumban 2015 ɗaruruwan masu zanga-zanga suka yi wa shagon ƙawanya, suka watsa masa fenti. An rufe shi a 2020.

A 2021 kuma majalisar ƙaramar hukumar ta amince da gina kantuna da ofisoshi a harabar tsohon kamfanin giya na Truman, duk da dubban takardun ƙorafi da jama'a suka aika.

Laifin wa?

Masu sukar 'yan Hipster na cewa suna shigowa unguwar talakawa ne don sha'awar kamanninta, ba tare da cuɗanya da mutanenta ba.

Wasu kuwa na ganin an bar jaki ana dukan taiki. A cewarsu mai shagon gahawa shi ma ɗan haya ne, kuma tushen matsalar shi ne dokar 1980 da ta ba mazauna gidajen gwamnati damar saye su, ba tare da an gina isassun da za su maye gurbinsu ba, tare da manyan kamfanonin gine-gine da ke cin ribar tashin farashin fili.

Akwai kuma masu nuni da cewa sabbin shagunan sun samar da ayyukan yi, kuma tsofaffin mazauna da suka mallaki gidajensu sun amfana. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai haya a hannun 'yan kasuwa, da ƙaramin ɗan tireda da wa'adin hayarsa ya ƙare.

Su kansu 'yan Hipster da dama tsadar Shoreditch ta kore su zuwa Peckham da Walthamstow, wasu ma har garin Margate na bakin teku, kuma kuɗin haya ya bi su can.

Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan haya a sauran unguwannin Landan ke sa ido a kan irin shagunan da ake buɗewa a titunansu, bisa karin maganar nan cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.