ZANCEN ILIMI: A riƙa shawara da ɗaliban jami'a

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, zancenmu na wannan wata ya shafi ɗiyanmu da ke karatu a jami'a. Hatsi da gujiya da bisashen da kuka saida su suka kai su can. Don haka zancen naku ne.

An buɗe babbar makarantar Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya taɓa shugabantarta. Cikin littafin da ya rubuta a 1964 bisa ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara da harsunanmu, kuma karatu ya dace da bukatun ƙasa. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'i.

To, wa zai faɗa ma malami ko karatunsa ya shiga? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mashi. A cibiyar yaƙi da jahilci, in muka tambayi dattijo abin da yake so, sai ya ce lissafin sikeli, don kar a cuce shi wurin awo. Daga nan muke fara darasi. Ɗalibin jami'a ma ba jariri ba ne.

Ga abin da ya kamata. Na ɗaya, ƙarshen kowane zango malami ya tambayi ɗalibai abin da suka gane da wanda ya shige masu duhu, ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Na biyu, wakilansu su zauna wurin tsara darussa da ranakun jarrabawa. Na uku, manyan ɗalibai su riƙa taimakon ƙanana. Na huɗu, mai koyon aikin gona ya kawo matsalar garinsu, ko ƙuduji ne ko zaizayar ƙasa, a bincika ta tare.

Rashin sauraro yana da tsada. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai ukku suka rasa rayukansu a gadar Yamai wurin zanga-zanga. Gara zaman shawara tun da wuri.

Ku kuma ɗalibai, shawara ba raini ba ce. Malami malami ne. Wanda bai zo aji ba, ba shi da bakin gyara darasi.

Iyaye, in ɗiyanku sun zo hutu, ku faɗa masu abin da ke damun gona da garke, su kai ma malamansu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.