Me Muke Zuba Wa Tsohon Kare A Kasko?

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu mukan yi zancen taki da iri, da shanun huɗa, da kaji da awaki, amma ba mu taɓa ganin wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan kare ba. Ga shi kuwa da wuya ka shiga gidan manomi ba ka tarar da shi kwance a ƙofar zaure ko a gindin rumbu ba. Shi ke korar birai daga gonar masara. Shi ke tashe mu in ɓarawon akuya ya zo da tsakar dare. Shi ke raka mata da yara zuwa gona mai nisa. Yakan yi wannan aiki shekara 7 ko 8, ba albashi ba hutu. Sa'an nan bakinsa ya soma furfura, tashi ya yi masa wuya da sanyin safiya, sai mu ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana, mu nemo ɗan kwikwiyo. Waɗansu kuma sukan kai tsohon kasuwa. Ba da su muke ba yau. Da waɗanda suka bar shi a gida muke, kuma suna so ya ƙare kwanakinsa lafiya.

A wani zagayen ƙungiyoyi da muka yi bayan kaka, mun ga tsofaffin karnuka biyu a ƙauye guda. Na farko kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ana zuba ragowar tuwo a kasko ɗaya, samarin karnuka su wawashe kafin shi ya miƙe. Na biyu kuwa yana gidan wani dattijo mai ƙaunarsa ƙwarai. Kowa a gidan yakan jefa masa loma, a tsiyaye masa man miya, a ba shi ƙanzo. Ya yi ƙiba har bayansa ya zama kamar benci, in ya yi taku goma sai haki. Mai gidan yana alfahari da shi, maƙwabta kuma suna cewa kare ya sami gida.

Mu dai a ganinmu, an cuci karnukan nan duka biyu, kuma abu ɗaya ne ya cuce su, watau tuwo zalla. Ɗaya bai sami isasshe ba, ɗaya ya sami fiye da kima, amma ba wanda ya sami abin da tsohon jiki yake nema.

Ga dalili. Kare mai matsakaicin girma irin namu, daga shekara 7 ana lissafta shi cikin tsofaffi. Daga nan yawonsa ya ragu, barcinsa ya ƙaru, abincin da jikinsa ke ƙonewa a yini kuma yakan ragu da misalin kashi ɗaya cikin biyar. Wanda aka dandaƙe ya fi saurin yin ƙiba. Amma bukatarsa ta abinci mai gina jiki ba ta raguwa, ƙaruwa ma take yi, gama tsohon jiki ba ya riƙe tsoka kamar na saurayi. Shi ya sa za ka ga tsohon kare cinyoyinsa sun tsotse, kansa ya faɗa a gefe da gefe, alhali kuwa cikinsa da wuyansa cike suke da kitse. Masara da dawa abin gina jiki da ke cikinsu bai wuce kashi 9 zuwa 11 cikin ɗari ba, kafin ma a tuƙa su da ruwa. Na garin rogo kuwa bai kai a faɗa ba. In ka ƙara wa tsohon kare tuwo, kitse ka ƙara masa, ba ƙarfi ba.

Shekaru da yawa littattafan kiwo suna cewa a rage wa tsohon kare nama domin kada ƙodarsa ta lalace. Yanzu an san ba haka ba ne. Nama ba ya ɓata lafiyayyiyar ƙoda. Sai in likitan dabbobi ya gwada ya ce ƙodar ta riga ta kamu, sa'an nan ne akan sake masa abinci, kuma likitan ne zai faɗi yadda za a yi.

To, ƙiba fa, mene ne laifinta? Mun san a wajenmu ƙibar dabba alamar wadata ce. Ga sa ko rago da za a kai kasuwa, gaskiya ne. Amma kare ba don awon nama muke ajiye shi ba. Kowane kilo da ya ƙaru, gwiwoyi da ƙugu da suka riga suka gaji su ne za su ɗauke shi. Ciwon gaɓoɓi ya hana shi tafiya, rashin tafiya ya ƙara masa ƙiba, haka abin ke ta juyawa. Ga zafin bazara kuma, kare mai kitse ya fi shan wuyarsa, gama da haki yake fid da zafi daga jikinsa. Kada a ce wannan ra'ayinmu ne kawai. A Amurka an yi wani gwaji na shekara 14 da karnuka 48 irin waɗanda ake kira Labrador, aka buga sakamakonsa a 2002. An raba su biyu-biyu, 'yan uwa ɗaya, tun suna kwiyakwiyai. Abinci iri ɗaya suke ci, sai dai ɗaya ana rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa ya ci. Waɗanda aka rage wa sun kai misalin shekara 13, 'yan'uwansu kuwa shekara 11 da 'yan watanni. Ciwon gaɓoɓi ma bai kama su da wuri ba. Amma a lura, karnukan nan ba yunwa aka bar su da ita ba. Abinci mai kyau suke ci, an dai auna musu ne. Kada mai karen farko ya karanta wannan ya ce ashe daidai yake yi.

Yadda za ka sani ko karenka ya yi ƙiba ko ya rame, ba ka bukatar komai sai hannunka. Shafa haƙarƙarinsa a hankali. Sa'an nan ka miƙe yatsun hannunka na hagu, ka shafa bayan hannun da na dama. In haƙarƙarin ya yi kamar haka, kana jin ƙashi a ƙarƙashin 'yar tsoka, to, daidai yake. Dunƙule hannun ka shafa ƙasusuwan da suka fito. In haka haƙarƙarin yake, ya rame. Juya tafin hannun ka shafa gindin yatsu, inda sai ka danna kafin ka ji ƙashi. In haka yake, ya yi ƙiba. Ka kuma tsaya a kansa ka dube shi daga sama, ya kamata ka ga ƙugunsa ya ɗan tsuke bayan haƙarƙari. Abu ɗaya da ke ruɗin mutane shi ne babban ciki. Kare mai ƙaton ciki, ga haƙarƙari a waje, ba ƙiba gare shi ba. Ko tsutsar ciki ce, ko kuwa ruwa ne ya taru saboda ciwon zuciya ko na hanta. Wannan na malamin dabbobi ne, rage abinci ba zai yi masa magani ba.

Mun san abin da wani zai ce: "Mu da muke fama da ciyad da yara, ina muka ga naman ba kare?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu ce a ɗauke ƙwai daga bakin yaro a ba kare ba. Yaro shi ne gaba. Amma bari mu duba abin da muke zubarwa. Kawunan kifi da garin busasshen kifi da ke taruwa a gindin kwando. Huhu da tumbi da guntattakin da mahauta ke sayarwa da araha da yamma. Waken soya da muke nomawa da kanmu, in an dafa shi ya nuna sarai, gama ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ɗan ƙuli-ƙuli marar yaji. Ɗan kindirmo, wanda cikin kare ya fi karɓa bisa ga ɗanyar madara. Duk waɗannan masu gina jiki ne. Hanta tana da kyau, amma 'yar kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, domin yawanta yana cutarwa. Kayan ciki kuwa tilas a dafa. In kare ya ci ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa, yakan kamu da wata irin tsila, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, su shiga tumakinmu, har su shiga yaranmu.

Ga wanda ya yi ƙiba, ga shawararmu. Nemi gwangwani guda ka riƙa aunawa da shi kullum, ka san abin da yake ci yanzu. Rage tuwon da kashi ɗaya cikin huɗu, ka cike gurbin da dafaffiyar kabewa ko kabeji ko karas, domin cikinsa ya cika kada ya dami mutane da roƙo. Kifi ko wake ko nama kuwa kada ka taɓa su. A matsayin mafari, kasko ya zama kashi uku: ɗaya tuwo, ɗaya mai gina jiki, ɗaya kayan lambu. A raba masa sau biyu, safe da yamma. A daina tsiyaye masa mai. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na dukan abin da tsohon kare mai kilo 15 ke bukata a yini. Wurin da shirin yakan lalace kuwa shi ne hannun yara da na kaka, masu jefa loma a ɓoye. Sai maigida da uwargida sun tara kowa sun faɗa, mutum ɗaya ne mai ba kare abinci. Kada kuma a yi gaggawa. Raguwar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako ta isa, watau kare mai kilo 20 ya sauke giram 200 zuwa 400. Tafiya a hankali zuwa gona ta kusa da sanyin safiya ko da la'asar ta fi masa kwanciya yini guda, ta kuma fi gudun farauta.

Ga wanda ya rame, abu na farko a raba masa kasko, a tsare samarin har ya gama. Buɗe bakinsa ka duba. Sau da yawa ba ƙin abinci yake yi ba, haƙora ne suka lalace, sai a jiƙa masa abincin da romo mai ɗumi. A ba shi maganin tsutsa kowane wata 3, a cire masa kaska, gama su ma suna shanye jini. In duk da haka yana ta ramewa, ko yana shan ruwa da fitsari fiye da yadda ya saba, kada a tsaya gwaje-gwaje a gida.

Saura zancen magungunan ƙarin kuzari, waɗanda yanzu suka cika shagunan kayan dabbobi a birane, kowace kwalba da hoton kare yana tsalle. Ba mu ga dalilin da manomi zai zuba kuɗinsa a yawancinsu ba. Wanda aka fi talla domin gaɓoɓi shi ne gulukosamin, amma da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna a 2022, ba su ga wani amfanin kirki a gare shi ba. Abin da suka ga yana rage ciwon gaɓoɓi shi ne man kifi, kuma ana samunsa a cikin kifin sardin da kifin titus. Gutsure guda dafaffe, an zare ƙaya, sau biyu ko uku a mako, ya fi kwalbar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Sai dai a tuna shi ma mai ne, a rage tuwo daidai da shi. Abu na biyu da abincin gida yakan rasa shi ne abin ƙarfafa ƙashi, kuma maganinsa yana kan juji, watau ɓawon ƙwai. A tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan misalin rabin kilo na abinci. Wannan ya fi ba shi dafaffen ƙashin kaza, wanda yakan tsage ya soke hanji.

Akwai abubuwan da tausayi ke sa mu bayar, su kuwa dafi ne. Albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare in sun yi yawa ko an daɗe ana ba shi, miyarmu kuwa ba ta rabuwa da albasa, ga gishiri da magi. Gara a ɗebar masa nasa kafin a haɗa da miya. Goro da burukutu ba abin wasa da kare ba ne. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, yakan huda cikinsa ya kashe ƙodarsa, har paracetamol ma kada a ba shi sai da izinin likita. Amma wanda ya fi damunmu, domin mu manoma ne, shi ne hatsin da ya yi funfuna. In masara ko gyaɗa ta lalace a rumbu mukan ce a tuƙa wa kare. Dafin funfunar nan yana cin hanta, wuta ba ta kashe shi, kare kuwa yana cikin dabbobin da ba su jure masa ko kaɗan. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda abincin kanti mai wannan dafi. Abin da ba za ka ba ɗanka ba saboda funfuna, kada ka ba kare, kada kuma ka ba kaji.

Kusan kowace ƙungiya tana da sikelin awon hatsi da ke rataye a sito yawancin shekara ba aiki. Muna roƙon shugabanni su yarda a riƙa fito da shi ranar taron wata. A sa kare cikin buhu mai faɗi kansa a waje, a rataya, magatakarda ya rubuta nauyin a bayan littafinsa. In sikelin tsayawa ne, mai kare ya hau da shi a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a ɗebe. Kuɗin da za a kashe a kan kwalaben ƙarin kuzari kuma a haɗa shi wuri ɗaya, a gayyato malamin dabbobi sau ɗaya a shekara, ya yi wa karnukan 'yan ƙungiya duka allurar ciwon hauka, har da tsofaffin, ya duba musu haƙora, ya kuma bar mana maganin tsutsa na sauran watannin.